Mushe Mukhtar Yana Garka

Mushe Mukhtar (mushe, daga Faransanci, haka muke kiran malamin boko) malamin Ingilishi ne, kuma rago ne. Na faɗa kai tsaye, don na gaji da kewaye-kewaye a kan maganar nan. Sai dai ba irin ragon da kuka saba gani ba ne, mai barci har hantsi. In ka je garkarsa ta albasa da ke bakin kwari, za ka rantse duk Adar babu mai himmarsa. Shi ke yin iri, shi ke dashe, shi ke jan tiyo, in injin ban ruwa ya ƙi tashi shi ke kwance shi ya ɗaure. Ragwancin nasa a aji kaɗai yake tashi.

Shekara tara na yi ina direkte, wato shugaban makaranta, a wata ƙaramar kwaleji tsakanin Buza da Tamaske. Ba zan faɗi sunan garin ba, mutanen suna nan da ransu. Aji huɗu gare mu, biyu na siminti, biyu na rumfar kara da muke sake ɗaurawa kowace kaka. Malamin Ingilishi ɗaya ne tak, shi ne Mukhtar. Duk yaron da ya shigo mana, daga shekararsa ta farko har ya kai turwaziyam, ajin ƙarshe da ake zana jarrabawar BEPC, a hannunsa yake.

Yana da wani kaye, littafin rubutu mai baƙin bango, tun na shekarar da ya fara aiki. A ciki ya jera kalmomi, arba'in a kowane shafi, ta Ingilishi a hagu, ma'anarta da Faransanci a dama. Akwai shafin dabbobi, shafin kayan gida, shafin sassan jiki, shafin kasuwa, haka dai. Ran Litinin sai ya cika allo da shafi guda, ya rubuta a ƙasa cewa kada a shafe. Yara su kwafa. Daga nan ya raba ajin biyu, na wajen taga su faɗi ta hagu, na wajen ƙofa su amsa da ta dama, da waƙe, kamar karatun makarantar allo. Da ya ji murya ta daidaita sai ya sulale ya hau moto. Minti bakwai ne tsakanin lakkol, wato makaranta, da garka. Shi ya auna, shi ya gaya mini da bakinsa, yana dariya.

Ranar gwaji kuwa tambaya ɗaya ce: rubuta shafi na kaza. Yaranmu kuma wajen hadda ba a yi musu gori, tun suna ƙanana suke yin ta. Sai ka ga sha bakwai, sha takwas bisa ashirin. Iyaye na sa masa albarka. Tsofaffin da ke wucewa kasuwa da jakuna sukan tsaya bakin darni su saurari ajin, su kaɗa kai su ce, "Kai, wanga malami shina aiki!" Malamin kuwa yana can cikin laka har gwiwa.

Na yi masa magana har bakina ya yi tsami. Na yi cikin raha, na yi cikin fushi, na yi gaban malamai, na yi daga ni sai shi.

"Mushe," na ce masa wata rana a biro, wato ofishina, "yaran nan ba su san abin da suke rerawa ba. Ka ba su kalma biyar a rana, ta abin da ke gabansu. Ƙofa, rijiya, takalmi. Kowa shi sa ta cikin zance, shi tambayi ɗan'uwansa, ɗan'uwan shi ba shi amsa. Gobe ka dawo kanta kafin ka ƙara wata. Amma wannan sai kana cikin aji."

"Direkte, kai lissafi ka karanta. Bar ni da fannina."

"Ajin fa ba kowa, Mukhtar."

"Ba kowa? Ba ka jin su? Har bakin hanya ana jin su!"

Kowace shekara in sakamakon BEPC ya fito, Ingilishi ke kayar mana da yara. Ana yin sa a rubuce, ana kuma yin na baki, inda yaro zai zauna gaban malamin da bai sani ba a yi hira da shi. Mukhtar yana da amsarsa a shirye. Ya ce malaman birni ne ba su son ɗiyan ƙauye, da sun ga yaro da faso a ƙafa sai su kayar da shi. Iyaye suka yarda, don maganar ta yi daidai da abin da suka daɗe suna zato.

Sau biyu na rubuta takarda zuwa Buza. Sau ɗaya aka aiko mai duba malamai. Labarin zuwansa ya riga shi isowa. Ranar Mukhtar ya sa farar riga, ya tsaya gaban aji da alli a hannu, yara suka rera shafi shida ba tuntuɓe. Baƙon na azumi, rana ta yi zafi, kuma akwai lakkol uku gabansa. Ya rubuta cewa aji na da rai, ya hau motarsa. Ina tsaye ina kallo ban ce uffan ba. Daga ranar na saki hannu. Na ce a raina ni ma mutum ne, saura 'yan shekaru in huta, me ya yi mini zafi. Wannan laifina ne, kuma ban ɓoye shi ba.

To, Mukhtar na da ɗiya, Rufaida. Yarinya ce mai natsuwa, ba ta da yawan magana, in ta kama abu ba ta saki. Burinta ɗaya ne, ta je Tawa ta yi karatun ungozoma ta dawo aiki a likitar garinmu, ɗan asibitin nan namu, inda matan ke jin nauyin baƙin ma'aikata. Ba za ta samu shiga ba sai da BEPC. Ta zana sau ɗaya ta faɗi, aka bar ta ta maimaita turwaziyam. Wannan ce damarta ta ƙarshe. In ta sake faɗi, ni da hannuna zan cire sunanta daga rajistar lakkol, kuma kowa a gidansu ya san haka.

A ajin ubanta babu kamarta. Ashirin bisa ashirin take ci. Kayen nan mai baƙin bango duk yana kanta, daga bangon farko zuwa na ƙarshe. Mukhtar kan kira ta a gaban baƙi ya ce ta kawo shafi kaza, ta kawo, shi kuma yana shafa gemu. Da ta faɗi karon farko bai ko karɓi takardar makinta ya duba ba. Ya ce lissafi ne ya kayar da ita, ya bi malamin lissafi da harara har wata guda.

Ita kuwa ta san inda ta faɗi. Tun farkon shekara ta same shi a tsakar gida yana gyaran tiyo.

"Baba, bara ba su tambaye mu shafi ba. Magana suka yi muna, ni kuwa ban gane ba."

"Firgita kika yi. Ƙara hadda."

"Na haddace duka, Baba. Ina so ka riƙa yi mini magana da Ingilishi, ko kaɗan-kaɗan, ina ba ka amsa."

"Ke da kike ɗiyar malamin Ingilishi? Bari in gama dashe. Sati biyu in na zauna da ke, sai kin koya ma mai tambayar."

Aka gama dashe, ban ruwa ya kama. Aka shiga watan ban ruwa, tsutsa ta faɗa wa albasa, ya shiga feshi. Uwarta Cima, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ita ce ta zo har biro ta same ni. Ta durƙusa bakin ƙofa, ta ƙi hawa kujera.

"Direkte, ni ban san boko ba. Amma yarinyar ga tana daka tana waƙar nan, tana wanki tana waƙar nan, ta rame. In na ce mi kike cewa, sai ta ce ita ma ba ta iya hwaɗa mini da Hausa. Wanga karatu ne?"

"Kin yi ma Malam magana?"

"Na yi. Ya ce in tsaya ga tukunyata. Kai ne babba nai, ka yi mai."

Na yi masa. Ya ce wallahi da zarar an cire albasa. Aka cire albasa, sai ginin rudu, rumbun karan da ake ajiye ta don kada ta ruɓe. Aka gama rudu, manyan motocin Abijan suka iso tasha, sai da ya tsaya kan lodi. Motoci suka tafi, ruwan farko ya sauka, kowa ya fita shuka. Kullum akwai dalili, kuma kowane dalili na gaskiya ne, shi ya sa gardama da shi ke gajiyar da mutum. Rufaida ta daina tambaya. Ta koma ga abin da aka ba ta, ta riƙa bin kayen daga farko zuwa ƙarshe, ta dawo daga ƙarshe zuwa farko.

Lokacin jarrabawa ya zo, na kwashi yara talatin da ɗaya zuwa Buza. Mukhtar bai zo ba, ya ce ciyawa ta taso wa gero, noman farko ba ya jira. Aka yi na rubutu. Ranar na baki, na zauna ƙarƙashin dogon yaro a bakin ƙofar makarantar ina kallon yarana suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wani na dariyar kunya, wata na share ido da gefen hijabi. Na saba ganin haka, shekara tara ke nan. Na ma daina tambayarsu yadda aka yi.

Wajen ƙarfe sha ɗaya Rufaida ta fito. Ba ta kuka. Ta zo ta zauna jikin bango, idonta a ƙasa, leɓɓanta na motsi. Da na matsa sai na ji haddar take ci gaba da yi a hankali.

"Rufaida, ƙaƙa?"

Ta ɗago ta dube ni. "Na san su duka, Baba Direkte. Amma ba su zo a jere ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ciro salula na kira ubanta, na ce in yana da sauran kunya ya zo ya ga aikinsa. Kafin azahar sai ga shi a kan moto, daga gona kai tsaye, da malfa a kai, da tsohuwar riga mai yagaggen hannu, ƙafafu duk busasshiyar laka. Tun kafin ya kashe moto yake faɗa.

"Sun sake, ko? Wa ya yi mata tambaya? Yau sai na ga wanda ke kayar da ɗiyan talakawa!"

Yara suka nuna masa wata malama da ta fito hutun rana, tana zaune kan benci da kwanon abinci. Madan Fa'iza ce, daga Madawa aka turo ta, ba ta san kowa a cikinmu ba. Na ce masa ya tsaya, wannan ba tsari ba ne. Ina! Ya riga ya yi gaba. Na bi shi don kada a yi abin kunya.

Ya yi mata sallama a tsaye, da Hausa, don fushi ya mantar da shi Faransanci. Ya ce shi uban Rufaida ne, mai shuɗin hijabi, ya zo ya ji dalilin da aka wulaƙanta ɗiyarsa. Madan ta dubi malfar, ta dubi ƙafafun, ta ɗauka manomi ne da bai taɓa riƙe alli ba. Ta rufe kwanonta ta matsa masa wuri.

"Zauna, Malam. Wallahi tun safe ɗiyarka ke raina."

Bai zauna ba.

"Na nuna mata hoto, mace na ɗibar ruwa a rijiya, yaro na riƙe da jaki. Na ce ta gaya mini abin da ta gani. Sai ta rufe ido ta kama jero kalmomi da waƙe, tun daga farkon dabbobi, har ta iso kan jaki, sannan ta tsaya ta buɗe ido. Na ce to, mi macen ke yi? Ta sake rufe ido ta kamo wani jerin. Na tambaye ta shekarunta. Na tambaye ta sunan garinsu. Na tambaye ta abin da take so ta zama. Ko ɗaya ba ta gane ba. Da tausayi ya kama ni sai na karya doka na tambaye ta da Hausa, ta ce ungozoma. Na ce madalla, gaya mini da Ingilishi, ko da kalma uku. Ta ce ba a yi musu wannan shafin ba."

Ta numfasa ta ci gaba.

"Malam, kalmar da ke kan yarinyar nan ta fi dubu. Ɗalibaina na Madawa ba su da rabin haka. Amma su in sun san kalma, suna iya roƙon ruwa da ita, suna iya ba ka labarin gidansu. Ita an loda mata kaya ne ba a nuna mata inda za ta kai su ba. Duk 'yan lakkol ɗinsu haka suka zo mini, sai dai ita ta fi ban tausayi, don ta fi su wahala. Na so in ba ta maki, na rasa inda zan kama. Ku iyaye ba ku da laifi, ba ku san abin da ake yi cikin aji ba. Amma wanda ya koya musu, Allah zai tambaye shi. Ka san shi?"

"Na san shi," in ji Mukhtar.

"To ka tahi ka same shi. Kada ka ji tsoro don shina jin Faransanci. Ka tambaye shi mi ɗiyarka ta yi mai."

Mukhtar ya cire malfa ya riƙe a hannu. Mutumin da shekara tara ban taɓa gama jimla bai katse ni ba, ya tsaya kamar yaron da aka kama da satar gyaɗa.

"To, madan," ya ce. "Na gode."

Ta juyo ta tambaye ni ko tare muke. Na ce maƙwabcina ne. Ba ƙarya na yi ba, gidajenmu na kusa. Amma kunya ce ta hana ni cewa ni ne direkten.

Ya koma wajen moto. Rufaida na nan jikin bango inda na bar ta. Ya je ya tsaya kanta. Ita ce ta miƙe ta gaishe shi, ta tambaye shi ya gona. Wannan gaisuwar ta fi zagi ciwo, ni da ke gefe ma na ji ta.

Bayan kwanaki aka kira sakamako a filin makarantar, ana faɗin sunaye da lasifika. Cikin talatin da ɗaya, shida suka ci. Na saurara har sunan ƙarshe, babu Rufaida. Da na karɓo takardun maki na duba nata. Lissafin da ake zargi ta ci sha ɗaya. Kimiyya sha uku, Faransanci sha biyu. Ingilishi na rubutu biyar, na baki biyu. Maki huɗu kacal ta rasa a jimilla. Da ta iya faɗin sunan garinsu da shekarunta, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Na je gidan da kaina. Na sami Rufaida tana tankaɗe, Cima na gefe ta haɗa kai da gwiwa. Na ce mata ba a rufe ƙofa duka ba, tana iya zama gida ta yi shiri ta sake zanawa baɗi da kanta, ba da sunan lakkol ba. Na ce ni zan nemo mata littattafai.

Ta saurare ni har na gama, cikin ladabi. Sannan ta ce, "Na gode, Baba Direkte. Amma na gaji. Shekara biyar ina yi, kuma duk abin da aka ce in yi na yi. In na rufe ido yanzu su nake ji. Ba ni iya sake buɗe kaye."

Ban matsa mata ba. Ni ma na san gajiya in na gan ta.

Sati na gaba na cika takardar sallamarta daga lakkol. Wuri biyu ake sa hannu, na direkte da na uban yaro. Na sa nawa, na buga hatimi, na aika a kira Mukhtar. Ya shigo biro ya zauna kan kujerar da iyaye ke zama, ba wadda ya saba ba. Ya karanta takardar sau biyu, kamar bai taɓa ganin irinta ba, alhali ya ga an miƙa wa iyayen ɗalibansa ita fiye da ɗari.

"Direkte, babu wata hanya?"

"Babu, Mukhtar."

Na miƙa masa bik, alƙalamina. Ya dafe takardar ya rubuta sunansa.

"Wa za shi kai mata?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kai ne ubanta."

Ya ninke takardar ya sa aljihu. Gidansa ga shi nan, daga ƙofar biro ana hango zaurensa. Ya fi minti goma tsaye a bakin ƙofar, ya kasa ɗaga ƙafa.

Darasin da ke cikin labarin nan a fili yake. Aikin da aka damƙa maka amana ce, in ka yi masa ha'inci ba ka san kan wa zai faɗa ba, wataƙila kan wanda ka fi so. Malami ya sani cewa ƙarar aji ba ita ce karatu ba. Kalma biyar da yaro zai iya magana da su sun fi masa dubu da zai rera bai san inda ake sa su ba, kuma waɗannan biyar ɗin ba sa samuwa sai malami ya tsaya a aji ya yi magana da yaro, yau da gobe. Iyaye ku riƙa tambayar 'ya'yanku ma'anar abin da suke karantawa, ko da ba ku yi boko ba. Wanda kuma aka ba shugabanci, kada gajiya ta sa ya ga ɓarna ya yi shiru kamar yadda na yi, domin ranar da abin ya fashe shi ma da hannunsa a ciki. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.